Na ƙi canza ampul, kifin aminina sun ƙare

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa zuwa suna ko ɗaurin aure a Clichy-sous-Bois zai gane ni, ni ne mai ƙaton cikin nan da ke sa mutane su ƙware da shinkafa saboda dariya. Yau ban zo da dariya ba. Shawararku nake roƙo, don Allah ku ba ni.

Ina da amini a Saint-Fons kusa da Lyon, bari in kira shi Malam Sale. Tare muka taso a Damagaram, tare muka zo ƙasar nan, ni na tsaya Paris ina tuƙin kamiyo, wato babbar motar kaya, shi ya shiga izin, wato masana'anta, ta sinadarai, ya shekara ashirin da wani abu yana shaƙar abin da ko ɓera ba zai shaƙa ba. Tun da matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, ya kafa akwariyom a falo, wato ƙaton akwatin gilashi mai ruwan gishiri da kifin teku. Na sha yi masa tsiya, na ce mutumin da bai san ruwan da ya fi tabki ba yau shi ne sarkin teku. Kifi bakwai ne, kowane da sunansa. Akwai rawaya mai fushi da yake kira Shef, don ya yi kama da shugabansu na izin, akwai shuɗiya da yake ce wa Hajiya. Da su yake hira in ya dawo daga masallaci.

Watan jiya huhunsa ya tashi aka kwantar da shi a lopital, wato asibiti. Na ɗauki hutu, na hau jirgin ƙasa na zo. Yana kwance da tiyo a hanci, bai yi mini zancen jikinsa ba, sai na kifi. Ya ce a ƙarƙashin akwatin akwai bututun da ruwa ke bi, a cikinsa akwai ampul, wato ƙwan fitila, na UV, haskensa ne ke kashe ƙwayoyin cutar da ke yawo a ruwa kafin su kama kifi. Ya ce ampul ɗin ya wuce shekara, sabo yana cikin kwali a kan firigo, wato firji, in canza a ranar. Sau uku ya faɗa. Na ce, "Malam, ni da na sauke injin kamiyo cikin ƙanƙara, ampul ne zai gagare ni? Kwanta ka sha iskarka."

Na je gidan na durƙusa, sai na ga ɗan haske shuɗi ta ƙaramar tagar bututun. Ampul yana ci lafiya lau. To ku gaya mini, a gidan wa aka taɓa cire ƙwan fitila yana ci a jefar? Mu da muka yi karatu da aci-balbal? Na ce dabarar masu kanti ce kawai, na bar sabon a kwalinsa sai ranar da tsohon ya mutu. Washegari ya tambaya, na ce an canza. Ban ma ji na yi ƙarya ba, haka ta fita kamar amsa gaisuwa.

Da nan na tsaya da da sauƙi. Sai na ga ya dace in yi masa abin maraba, na je kantin kifi na sayo wani mai ratsi-ratsi, na juye shi kai tsaye cikin sauran. Ashe baƙon kifi ana ware shi a wani ruwa daban na makonni. Ban tambaya ba.

Bayan kamar kwana goma, fararen ɗigo suka fito musu kamar an barbaɗa gishiri, suna goga jiki a duwatsu, numfashi sama-sama. Na koma kantin da hoto a salula. Mai kantin ya tambayi yaushe aka canza ampul, na faɗa masa gaskiya, shi kaɗai. Ya ce hasken da ido ke gani ba shi ke aiki ba, ƙarfin yana ƙarewa tun ampul yana ci. Ya ƙara da cewa ko sabo ba ya warkar da kifin da cutar ta riga ta kama, rage ta kawai yake a ruwa, da na canza tun farko, da wataƙila wasu sun tsira, wataƙila a'a. Na dawo na canza. Minti biyar ya ɗauke ni.

Shef ne ya fara tafiya. Hajiya ce ta ƙarshe, shekaranjiya. Na sa su a leda na ajiye a firigo, ban san dalili ba. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba, na dafa taliya na cinye. Ina zama a kujerarsa ina kallon ruwan, famfo na ta aiki, ruwa garau, ba kowa a ciki.

Kullum ina zuwa lopital. Yakan ce, "Shef na cin abinci?" In ce, "Yana ci? Jiya saura kaɗan ya tafi da yatsana har gwiwar hannu." Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ma'aikaciyar jinya ta ce zuwana na yi masa amfani. Likita kuma ya ja ni gefe ya ce zuciyarsa ma ta yi rauni, a kiyaye abin da zai tayar masa da hankali.

Na gaya wa maiɗakina a waya, muka yi faɗa. Ta ce in faɗa masa yau, ta ce ciwona shi ne ban taɓa ɗaukar maganar kowa da nauyi ba, komai wasa. Na ce so take in kashe shi, ta kashe wayar. Na yi tunanin sayo masu kama da su, mai kantin ya ƙi sayar mini, ya ce sai ruwan ya yi wajen wata biyu ba kifi, in ba haka ba su ma mutuwa za su yi. Kuma Malam Sale ya san tabon da ke wutsiyar Shef.

Ranar Juma'a za a sallame shi. In faɗa masa a lopital inda likitoci ke kusa, ko in bari ya samu ƙarfi? In na faɗa, in tsaya a kan cuta ce ta shigo, ko in haɗa da baƙon kifin da ampul da ƙaryar da nake yi masa kullum? In na ɓoye, na san shi, kansa zai zarga. Ni zan riƙo jakarsa, ni zan buɗe ƙofa, kuma akwatin yana kallon ƙofar ne. 'Yan uwa, me zan ce masa kafin mu hau benen gidansa?