Fararen Ɗigo a Hoton Bilki

Laraba da dare, 9 ga Sha'aban

Mun dawo daga Kano bayan la'asar, ni da ƙanwata Bilki. Ana ta cewa ƙasa ta yi kuɗin mai, gidaje na ta tashi a GRA, amma hoton ƙwaƙwalwa sai mun je wani gari.

Likita ya ɗora hoton a jikin fitila, ya nuna mana wasu fararen ɗigo a ƙwaƙwalwa da cikin lakar gadon baya. Ya ce kumburi ne ke cin jijiyoyin, shi ya sa ƙafarta ke mutuwa, idon hagu ke dushewa. Ana lallaɓa ciwon, amma ba ya warkewa. Muka kamo hanya har muka iso gidanmu a Ƙofar Sauri.

Inna ta tare mu a tsakar gida. "Mi hoton ya nuna?"

Na ce fararen ɗigo ne.

"Hwarare? Alhamdu lillahi. Ni baƙi nike tsoro." Nan take ta sa aka dama fura aka kai wa maƙwabta sadaka.

Na buɗe baki zan gyara mata, sai Bilki ta riƙe mini hannu. "Yaya, bar ta ta yi barci yau."

Rabon Inna da dariya irin ta yau tun azumin bara. Hoton yana ƙarƙashin katifata. Gobe dole in faɗa mata, kuma ban san ta inda zan fara ba, tunda farin ma ya ci amanarmu.