Allon Ƙarshe na Farfesa Sifiri

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar 'Yan Wasan Kwaikwayo na Shirye-shiryen Yara ta samu labarin rasuwar ubanta, jagoranta, kuma tsohon shugaban kwamitin amintattunta, dattijon arziki wanda duk gidan da ke da akwatin talabijin ya sani da sunan Farfesa Sifiri, wanda Allah Ya karɓi ransa a asibiti bayan gajeriyar jinya, iyalinsa na kewaye da shi.

Marigayin ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana fitowa a shirinmu na mako-mako a matsayin shehin malamin lissafi mai yawan mantuwa, wanda zai birkice ɗaki yana neman tabarau alhali yana bisa goshinsa, ya fito titi da takalmi wari da wari, amma ya auna tsawon bishiya da inuwarta kafin maƙwabci ya gama neman tsani. Muna faɗa da alfahari, ba tare da jin nauyin kowa ba, cewa a cikin dukkan masanan lissafin da aka taɓa ƙirƙira a wasan kwaikwayo, ba mu ga wanda yara suka riƙa a zuciya kamar namu ba. Injiniyoyi da teloli da malaman makaranta da suka cika gidan makoki shaida ne, domin kowannensu ya zo da labarin ranar da ya daina tsoron darasin lissafi. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, shi kansa marigayin da ƙyar ya tsallake wannan darasi a makaranta. Uwargidansa, tsohuwar malamar lissafi, ita ta zaunar da shi a teburin cin abinci ta koya masa, kuma har ya bar duniya, in aka kira shi Farfesa a gabanta sai ya sunkuyar da kai yana dariya.

Masu kallo sun san al'adarsa. A kowane shiri yakan cika allo da hannunsa, ya ɓoye kuskure guda ɗaya da gangan, ya bar yara su yi ta nema har mako ya zagayo, sannan ya fito ya nuna wurin yana ta ba da haƙuri kamar wanda ya fasa kwanon surukarsa. Bai taɓa gaya wa darakta ko mai ɗaukar hoto inda kuskuren yake ba, ko ni da na daɗe ina fitowa a matsayin maƙwabcinsa ban taɓa samun ko ƙyas daga bakinsa ba, duk da naci irin nawa. Alƙawarinsa ga yara guda ɗaya ne, cewa ba zai taɓa barinsu babu amsa ba.

Sai ga shi shirinsa na ƙarshe ya fita, ciwo ya kwantar da shi kafin a ɗauki na amsar. Tun daga ranar wayar ofishinmu ba ta huta ba, iyaye na kawo ƙarar 'ya'yan da suka ƙi cin abinci suna ta bin layukan allon, wasu ma har da hawaye. Mun shiga ɗakin ɗaukar shiri, inda rigarsa mai farin alli take rataye a ƙusa har yanzu, muka gayyato malamai suka duba allon sama da ƙasa, kowa ya koma yana sosa ƙeya. Gaskiya hankalinmu ya tashi, domin muna ganin alƙawarin dattijo zai karye a hannunmu.

Da muka kai gaisuwar ta'aziyya ne uwargidan marigayin, wadda ita kaɗai yake gaya wa sirrin kowane allo a wurin karin kumallo, ta warware mana. Ta ce a wannan karon da gangan bai saka kuskure ba. Ya gaya mata cewa ya koya wa yara kama kuskuren babba, saura su koyi tsayawa a kan daidai ko da kowa na cewa akwai gyara, kuma yana so ya ga yaron da zai yi ƙarfin halin faɗin haka.

A madadin shugaba, da kwamitin amintattu, da dukkan mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga malamarsa kuma uwargidansa, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da ƙannensa, muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa na gaskiya, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Ƙungiya ta yanke shawarar cewa ba za a ba wani wannan rawar ba, kuma ba za a goge allon ba.

Ku kuma 'ya'yanmu masu kallo, ga amsar da Farfesa ya bar muku. Duk wanda a cikinku ya bi allon nan layi-layi, ya ga babu kuskure, amma ya yi shiru don yana tsoron a yi masa dariya, to ya ɗaga kansa, shi ne ya ci. Gobe in ya sake gani, ya faɗa da ƙarfi.

Sa hannu:
Kawu Mai Wanki, kamar yadda masu kallo suka san ni,
Kakakin Ƙungiyar 'Yan Wasan Kwaikwayo na Shirye-shiryen Yara