Abin da Jitata ta Kwaso Daga Wajen Ruma

Daren Laraba, Batsari

Barci ya ƙi zuwa. Yau Malam Ɗahiru mai gyaran rediyo ya cire wa jitata fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, mai naɗin waya biyu, ya sa mai naɗi ɗaya, don ina son siririn sauti irin na Buzaye a bikin da zan yi wasa ranar Asabar. Yana liƙa waya yana cewa, "Lawal, tsohon nan shi ke haɗiye gurnani. Wannan kuwa kwashe-kwashe gare shi, duk abin da ke yawo a iska sai ya ɗauko." Dariya na yi.

Bayan isha'i na jona sifika da batir, don babu wuta. Sauti ya fito tas. Amma da na juya jitar wajen garin Ruma sai na ji shuuu, sannan muryar namiji ƙasa-ƙasa, irin ta wayar oba-oba. Ko tsirkiya ban taɓa ba. Mai muryar ya ce, "Ku kashe fitilun babura." Wani ya amsa. Ban ji duka ba, amma na ji "Darini".

Yaya Hinde tana Darini da 'ya'yanta uku. Sau huɗu ina kiranta, wayar tana shiga, ba a ɗauka. Na kira ɗan sintirin unguwarmu na faɗa masa, ya ce, "Wa ya gaya maka?" Na ce jita. Ya yi tsaki ya kashe.

Wataƙila barci ta yi. Allah ya sa.

Jitar na nan jingine tana fuskantar Ruma, na kasa kashe sifikar. Tun ɗazu ba wanda ya ƙara magana. Numfashi kawai nake ji daga cikin sifikar.