Shekara Shida Ina Magana da Murhu

Rawayau, Kurfi
8 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Surayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya aikin makaranta? Ga Ilu mai babur nan ya kawo miki yarinyar nan da kayanta, da wake kwano biyu.

Yaya, na gaji. Shekararta goma sha ɗaya, sau biyu tana maimaita aji huɗu. Ga ƙura wa manya ido, har surukata ta ce ban koya mata kunya ba. Amma abin da ke cina a rai shi ne, kowa ya yi mata magana tana amsawa, ban da ni. Sai in aike ta sau uku, ko motsi. Ni da na haife ta, me na yi mata? Ke malama ce, ki sa ta a ajinki ko za ta ji taki.

Ki gaida maigidan.
Ƙanwarki, Rahamatu

Dutsin-Ma
20 ga Oktoba

Rahamatu,

Wa alaikumus salam. Wake ya iso, har mun ci alala. "Yarinyar nan" kuma tana da suna, Zinariya. Ni ba 'yar farina ba ce balle in ji nauyin faɗa.

Tun satin farko na lura, in ina fuskantar aji, hannunta ne ke fara tashi. Da na juya allo ina rubutu ina magana, shi ke nan an bar ta a baya. Rannan na kare bakina da littafi na ce ta miƙo alli, ba ta motsa ba. Na sauke littafin na maimaita, sai ta tashi da sauri. Rahamatu, bakin mutane take karantawa. Ƙura idon nan da ake zaginta a kai, saurare take yi.

Na kai ta asibiti a Katsina. Likita ya ce sanƙarau ɗin da ta yi tana shekara biyar ya tafi da fiye da rabin jinta. An sa mata 'yar na'ura a bayan kunne. Na dawo da ita bencin gaba, nesa da tagar da ke kallon injin niƙa, ni kuma na daina yi wa allo magana. Hijabin makaranta yana gogar na'urar yana yi mata ƙara, sai na ɗinka mata na auduga mai laushi.

Yanzu tsakaninki da Allah, yaushe rabon da ki kalli fuskarta ki yi mata magana?

Yayarki, Surayya

Rawayau
27 ga Oktoba

Yaya,

Salama da gaisuwa. Na karanta wasiƙarki na yi kuka har idona ya kumbura. Ban taɓa ba, Yaya. Haka muka ga Inna tana yi da ke. In zan aiki yarinyar, sai in kau da kai in ce "ke" ina kallon murhu, mutane suna ta yabona da kunyar 'yar fari. Ashe shekara shida da murhu nake magana. Har dukanta na yi ranar da na ce ta sauke tukunya, ta bar tuwo ya ƙone.

Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki abin da ya fi wannan. Ban da ke da har yanzu ina ganin raina ni take yi. Amma tunda an sa na'ura, ai za ta ji ni ko ban kalle ta ba, ko?

Taki, Rahamatu

Dutsin-Ma
10 ga Disamba

Rahamatu,

Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. A'a, kada ki ɓuya a bayan na'ura. Likita ya ce taimako ce kawai, sai an haɗa da fuska.

'Yarki ta zo ta uku a lissafi. Na tambaye ta me take so ta ji in ta je gida hutu. Ta ce ta riga ta ji carar zakara, ta ji kiran salla, saura sunanta a bakin Umma, don ko ganinsa ba ta taɓa yi ba a bakinki.

Ni 'yar fari ce. Inna ta rasu ban ji nawa a bakinta ba, kuma har yau yana damuna. Ilu zai kawo ta ranar Juma'a, batir ɗin na'urar yana aljihun jakarta.

Allah Ya kare ku.
Surayya

Rawayau
14 ga Disamba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ta iso lafiya. Surukata tana zaune a tsakar gida da maƙwabta biyu, na durƙusa na kama fuskar yarinyar na faɗi sunanta. Ta zuba wa bakina ido ta ce, "Umma, sake." Sai da na faɗa sau huɗu. Surukata ta ce, "Rahamatu, ina kunyar?" Na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, amsawa take yi."

Na gode, Yaya Surayya. Zinariya tana gaishe ki. Kin ga har na rubuta shi.

Ƙanwarki mai godiya,
Rahamatu