Na kai rahoton gwaggon da ta koya min allura

Anti, don Allah ki taimake ni, kwana tara ke nan abinci ba ya shiga min.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a ƙasar waje, kuma ba wanda ya sa ni, ni na ga dama na tafi. A can duk kuskuren da aka yi wa majinyaci, komai ƙanƙantarsa, akwai takardar da ake cikewa nan take. Ba ƙara ba ce. Ni ma sau uku na cike a kaina, godiya ma aka yi min.

Bana na dawo, aka ba ni shugabancin ɗakin mata a wani asibiti. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a ƙarƙashina take. Ita ta koya min allura, a jikin lemo, a kan tabarmar ɗakinta. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa kiranta ofis ba, saura wata bakwai ta yi ritaya.

Ranar Talata ta ba wata tsohuwa maganin mai gadon kusa da ita, don kwalaben kamarsu ɗaya. Tsohuwar ta ɗan yi jiri, ta warware. Na ɗauki biro na cike takarda da sunan Gwaggo, na miƙa, na tafi cin abinci abina. Washegari aka dakatar da ita, aka kafa kwamiti. Ana cewa za a iya korarta.

Mahaifina ya daina amsa gaisuwata. A wurin aiki in na shigo sai hira ta mutu. Gwaggo kuwa ko uffan. Amma abin da ya fi gigita ni, Anti, lokacin da nake rubuta sunanta wallahi ko ɗar ban ji ba. Yaushe na zama haka? Ko laifi ne gaskiyar da na rubuta?

Wadda ta rasa gane kanta

Ƙanwata, ni ma sai da na ajiye wasiƙarki na sake ɗauka na karanta.

Rubuta kuskuren daidai ne. Tsohuwar nan ma uwar wasu ce, kuma da abin ya zo da ƙarar kwana, da wani zancen ake yi. Kada kowa ya sa ki janye.

Sai dai kin dawo gida da al'adar cike takardar, kin baro tsarin da ke kare mai kuskure a can. Ba ki tambayi inda takardar ke zuwa a nan ba, kuma kin bar gwaggonki ta ji a bakin wasu. Nan kika yi laifi. Zuciyarki ba ta bushe ba, sabo ne ya riga ta.

Ki nemi a saurare ki a gaban kwamitin. Ki tafi da kwalaben biyu, ki ajiye su a kan teburi su gani da idonsu, ki faɗa musu ke ma sau uku kin yi kuskure ba a kore ki ba.

Amma kafin nan ki je gidan Gwaggo, ke kaɗai, ba aike. Ki durƙusa ki ba ta haƙuri. Kada ki ce mata ga yadda ake yi a waje, ba ta tambaye ki ba. In ta yi shiru ki zauna, in ta kore ki ki koma washegari. Aikinta kwamiti ne zai yanke, amma wannan ke kaɗai za ki iya gyarawa.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya daidaita tsakaninku.