Marar Inna

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Safiyanu, ɗan yayana, ya dawo daga karatu a Damagaram. Tun safe yana zaune a kusurwar rumfa yana kallon masu jiran tuwo, bai ɗauki ko kwano ɗaya ba. Wai nazari yake. To, Allah ya ba da sa'a.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ranar kasuwa. Direbobin hanyar Agadas sun gaji da jira, sun tafi ba su ci ba. Abin ya yi mini zafi. A zamanin Inna, mahaifiyata, mutum kan yi jira har inuwa ta juya, ba wanda ke tashi. Ko mutane ne suka sake, ko ni ce ban kai ta ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Ya nuna mini ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta. Ga rumfata a ciki, ga 'yan ɗigo-ɗigo sun yi layi, wai mutane ne. Ya ce lissafin layi ne, ana gwada dabara a ciki kafin a taɓa tukunya ta gaske. Na ce wane ɗigo ne Baba Jika, tsohon da ke zuwa daga Tenhya tun ina goye? Ya yi dariya.

Sai ya ce, "Gwaggo, ba wuta ba ce, ba tuwo ba ne. Gaisuwa ce."

Wai ni ce ke tsayar da layin. Kowa ya iso bakin tukunya sai na tambaye shi gida da yara da dabbobi, mara a hannuna, tuwo na huce. Ya cire gaisuwar a cikin na'urar, 'yan ɗigon suka wuce zar-zar. Shawararsa: ɗiyata Zuhaira ta riƙa kwasa, ni in koma benci in yi ta gaisuwata.

A kan kujerar nan ta bakin tukunya Inna ta zauna har ƙarfinta ya ƙare. Da hannunta ta miƙo mini marar nan. Yau yaron da na yi wa wanka zai tashe ni.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ban yi masa magana ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na yarda a gwada, don ya ga ba za ta yiwu ba. Ta yiwu. Direbobi sun ci har da ƙari. Zuhaira na kwasa ba ta ko ɗaga kai, tana ba mai son ƙanzo tsakiyar tuwo. Na zauna a benci kamar baƙuwa, hannuna bai san inda zai sa kansa ba. Na shiga ɗaki na yi kuka kaɗan.

Asabar, 26 ga Oktoba

Baba Jika ya zauna kusa da ni da kwanonsa. Ya ce shekarar da ya rasa shanunsa Inna ta ciyar da shi damina guda, tana yi masa faɗa wai ya cika cin yaji, don kada ya ji kunya. Ya kwaikwayi muryarta har na ji kamar tana bayana. Duk shekarun nan ban taɓa jin labarin ba. A bakin tukunya iyakarmu "lahiya lau", sai na gaba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na koya wa Zuhaira masu son ƙanzo. Da azahar ta ce hannunta ya gaji, ta miƙo mini marar. Na ce ta riƙe tukuna, Baba Jika bai ƙarasa ba ni labarin bikin Inna ba.

Gwiwata ce kawai ke son benci. Haka zan ce wa Safiyanu in ya tambaya.