Hutun Khairiya

Sokodé, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Khairiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ni dai ga ni nan. Ƙafafun sun ƙara kumbura, numfashi kuma sai na zauna nake samunsa. Kunne ya ƙi waya gaba ɗaya, shi ya sa na koma ga biro. Direba Rashid zai kawo miki.

Shi ne ya ce ya gan ki a tashar Dapaong, da ƙyar ya gane ki don rama. Wai a ƙaramin asibitin nan naku ke ce ungozoma, ke ce mai ba da magani, ke ce mai rufe ƙofa.

Kin tuna lokacin da aka turo ki sashena a asibiti, ina majo, wato babban nas, kina sabuwar fitowa makaranta? Duk ranar hutunki nakan tare ki a ƙofa, in karɓe makullin kabad ɗin magani da farar rigarki, in ce ki ɓace mini da gani. Kika yi ta fushi wai na raina aikinki. To yanzu wa ke karɓar naki?

Ki ɗauki konje, wato hutun aiki, ki zo. Tun rasuwar Hajiya gidan ya yi mini girma. Ina so in ga fuskarki tun ido yana gani.

Babanki a aiki,
Majo Sharifuddeen

*

Dapaong, Asabar

Baba Majo,

Barka da hutawa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ka rage gishiri, na san halinka. Shi kuma Rashid ya kula da sitiyarinsa ya bar jikina.

A tsaye nake rubuta wannan. Ranar kasuwa mata har daga wajen Naki-Est suke zuwa awo, wasu a kan babur da naƙuda. An ba ni mataimakiya, Zénabou. Tana da hankali, amma hannunta yana rawa in ta ga jini da yawa. In ba ta makulli? In wani abu ya faru sunana za a kira.

Wallahi ina kewarka. Wani lokaci in haihuwa ta yi gardama sai in ji muryarka a bayana, "Sannu-sannu, 'yar nan, ba tsere ake ba." In waiwaya, bango. Zan zo in abubuwa sun lafa.

'Yarka,
Khairiya

*

Sokodé, Laraba

'Yata,

Ina gaishe ki. Jiya ban iya zuwa masallaci ba, yau na kai bakin ƙofa.

Abubuwa ba sa lafawa a ɗakin haihuwa, kin sani. Hannun Zénabou yana rawa? Naki fa? Ranar da na fara barinki ke kaɗai, zagayawa na yi na zauna ƙarƙashin mangwaron bayan ɗakin, ina jin ki ta taga kina zubar da tire. Ban shigo ba. Da kika fito da jaririyar ai kin daina neman idona. Ni ma haka Majo Fousséni ya yi mini, Allah ya jiƙansa.

Ki tsaya bayanta mako biyu, hannuwanki a aljihu. Daga nan ki miƙa mata makullin, ki taho.

Majo

*

Dapaong, Litinin

Baba, ka ci nasara. Hannu a aljihu ya fi aikin wuya, na kusa cije leɓena. An ba ni konje daga Alhamis zuwa Litinin. Zan biyo motar Rashid ta Juma'a. Kada ka wahalar da kanka da girki. Sai na zo!

Khairiya

*

Dapaong, Juma'a

Baba Majo,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ba ka san ni ba, ni ce Zénabou. Ka yi haƙuri, takarda ce ta zo maimakon mutum.

Tanti Khairiya ta ce in biya gidanta da safe in tashe ta don mota. Na je. Yara suka ce tun jiya sallah kawai ke tayar da ita. Na ɗaura mata abin awon jini a hannu, ko motsi ba ta yi ba, kuma jininta ya hau sosai. Na tsaya a kanta na kasa. Ban tashe ta ba, Baba. In ta farka za ta cinye ni ɗanye.

Akwai motar Lahadi. In ka ce ta zo zan sa ta ciki, sai dai Litinin dole ta juyo, hutun zai ƙare a kan hanya. Abin da ka ce shi za mu yi.

Jiya na karɓi tagwaye ni kaɗai. Uwa da 'ya'ya lafiya.

'Yar 'yarka a aiki,
Zénabou

*

Sokodé, Lahadi

Jikata Zénabou,

Na gode, Allah ya yi miki albarka, ya raya tagwaye. Jiki yau ba daɗi sosai.

A tasha na karanta takardarki, don na sa mai babur ya kai ni in tarye ta. A nan take na ce wa Rashid ya buga miki waya ki bar ta ta kwanta. Ina nan kan bakana. Ki kai ta likita ya duba jinin. In ta yi faɗa ki ce ni na sa ki. Wani konjen zai zo, in Allah ya kai mu.

Duk da haka yau na sa an fito mini da kujera ƙofar gida, ko da kun ƙi jin maganata. Na san taurin kanta, na ce wa kaina, ba mamaki in gan ta da jaka. Na ji wucewar motar Dapaong bayan la'asar. Na zauna har aka kira magariba.

Ba ta zo ba. Kun kyauta.

Ki gaishe ta in ta tashi.

Majo Sharifuddeen